Abin da Ya Hana Ni Zuwa Sunan Takwarana

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan ba na wurin. Mustafa yakan ce kamfani ne ya hana ni hutu, wai an ɗora wata yarinya 'yar Gana a kaina, ita ta ƙi sa hannu in tafi. Nana kuwa takan ce Baba dai aiki ya fi masa kowa. Babbar yayarku Asiya, wadda abin ya fi shafa, ba ta cewa komai, kuma shirun nata ya fi maganganunku dukana. Na rubuta sunanta yau sau ɗaya saboda takarda ce. Daga nan zan koma kiranta Mamana kamar yadda na saba, tun da sunan mahaifiyata gare ta. Abin da nake so ku riƙe tun farko shi ne, ba wanda ya hana ni zuwa Kaduna. Tikitina yana hannuna, hutuna an sa masa hannu. Ni na zauna da kaina.

A shekarar muna zaune a unguwar Mansura da ke Doha, a saman wani tsohon bene da ƙasansa akwai mai gyaran takalmi da shagon shayin madara da suke kira karak. Ni ne dattijon ofishinmu. Na fara taɓa kwamfuta a Zariya tun zamanin da allonta baƙi ne rubutunta kore, lokacin ba a haifi ko ɗaya daga cikin yaran da nake aiki da su a Doha ba. Kamfanin ƙarami ne, shafukan intanet muke gina wa mutane. Aikin da ya faɗo mana a shekarar shi ne shafin wani asibiti da ke duba leburori da direbobi da masu gadi. Mutum zai buɗe a wayarsa, ya zaɓi abin da ke damunsa, ya zaɓi rana, a ba shi lokacin ganin likita, ba sai ya je ya tsaya a rana yana bin layi ba. Da Larabci da Turanci aka ce mu yi shi, kuma da haka na fara, ban ga wani aibu ba.

Alhaji Sale ne ya sauya mini tunani, ba tare da ya yi niyya ba. Kun san shi, mutumin Funtuwa ne, tare muka yi firamare, shi ya bi tuƙi ni na bi boko, Allah ya sake haɗa mu a ƙasar Larabawa da furfura. Yana jan bas ɗin ma'aikata, yana kwana a wani tsohon gida a unguwar Al Asmakh tare da 'yan Arewa masu yawa. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci mukan ci abinci tare. Wata Juma'a ina ba shi labarin aikin da alfahari, sai ya ajiye cokali ya dube ni.

“Injiniya, da wane yare za a riƙa cikawa?”

Na ce da Turanci ko Larabci.

“To ba mu kuka yi wa ba,” in ji shi. “Akwai wani bawan Allah a ɗakinmu, ɗan Gusau, mai gadi ne, ya girme mu duka. Basur ya sa shi gaba, tsayuwa ba daɗi, zama ba daɗi. Duk wani abu na waya da Turanci, yaran ɗakin ke cika masa. Ka ga dattijo ya miƙa wa sa'an ɗansa waya ya ce rubuta musu ina zubar da jini ta baya? Ya gwammace ya yi ta jiƙa sassaƙe yana sha. Amma Hausar boko yana karantawa, a hankali dai.”

Na koma gida da maganar nan a raina. Ranar da aka koma aiki na sami shugaban kamfanin, wanda kowa ke kira Mudir, na roƙe shi mu ƙara harsunan mutanen da za su yi amfani da shafin: na 'yan Nepal, na 'yan Bangladash, Urdu, Sawahili, da Hausa. Mutum ne mai saurin magana da saurin yanke hukunci. Ya ce yalla, a yi, muddin shafin ba zai yi nauyi ba. Sauran harsunan aka ba masu fassara. Hausar kuwa na ce ni zan yi, kuma a nan ne Ummanku ta shigo cikin aikin ba tare da an ɗauke ta ba. A teburin cin abinci muke yi bayan la'asar, ina karanta abin da na rubuta tana yankan kuɓewa tana gyara mini.

“Wai me ka sa a maɓallin ƙarshen nan?”

Na ce “Miƙa”.

“Miƙa me? Wuya? Ka sa ‘Aika’, Malam. Kuma wannan ‘rashin daidaituwar ciki’ da ka rubuta, wa ke faɗin haka a asibiti? Zawo sunansa zawo. Mutum yana murɗawa kana masa Hausar gidan rediyo.”

Mun yi ta musu a kan kalmomi har Nana, da take sakandare a lokacin, ta ce gidanmu ya koma majalisa. Yawancin musun Ummanku ce ta ci. Idan wani ya taɓa buɗe shafin nan ya ji kamar wata yayarsa ce ke tambayarsa ina ke masa ciwo, to muryarta ce ya ji.

Ana cikin haka aka kawo Ramatu ta shugabanci sashenmu. Ita ce yarinyar da Mustafa ke nufi. 'Yar Zangon Kumasi ce, sa'ar Mamana, ta yi karatu mai zurfi kuma ta yi aiki a manyan wurare kafin ta zo mana. Ranar farko da ta ji ina waya da Hausa ta tsaya a bakin teburina tana murmushi har na gama, sannan ta gaishe ni da Hausarsu ta Zango, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba. Tun daga ranar take kirana Baba, ni kuma in ce mata Shugaba, ta ce in daina, in ƙi.

Dole in yi muku bayanin abu ɗaya, don in ba shi ba za ku gane rigimar ba. Idan muka gama rubuta shafi, akwai manhajar da ke tattara duk abin da muka rubuta, da abin da muka aro daga wasu, ta ɗaure su ƙunshi ƙunshi. Ƙunshin nan ne wayar mutum ke saukewa kafin shafi ya buɗe. In ya yi nauyi, mai tsohuwar waya da ƙaramar data zai yi ta kallon da'ira tana juyawa har ya gaji ya rufe. Ramatu ta zo mana da wata manhaja mai auna ƙunshin, mu dai ma'auni muke ce mata. Takan zana maka komai a allo akwati akwati, kamar gonaki idan ka leƙo ta tagar jirgi, babban abu babban akwati. In nauyi ya wuce iyakar da aka sa, sai ta yi ja ta rubuta gargaɗi. Ramatu ta kafa doka, Mudir ya amince: ba abin da zai fita daga ofishin nan da ja a jikinsa. Ni ne na fara goyon bayanta, saboda na san irin wayoyin da ke aljihun mutanen Al Asmakh.

Muna dab da miƙa aiki, zafi ya fara shigowa, ranar nan da safe aka haɗa komai aka ɗora a ma'auni. Allon ya yi jawur. Akwatin da ya fi kowanne girma, ya cinye kusan rabin hoton, an rubuta masa “harsuna”. Kowa ya juyo ya dube ni. Mudir ya shigo, ya kalli allon bai ko zauna ba.

“Khalas, shi ke nan,” ya ce. “Na faɗa tun farko, muddin ba nauyi. A cire su.”

Wani daga cikin samarin ya ce ai akwai hanya mai sauƙi, a ɗaga iyakar kawai, layi ɗaya ne za a sauya, jan ya koma kore. Ramatu ba ta bari ya rufe baki ba.

“Wannan shi ne direban da fitilar mai ta kunna masa a gaban mota, ya samo tef ya manna a kai. Ba za mu yi ba.”

Sai na nemi magana. Na ce ma'aunin bai yi ƙarya a lissafi ba, amma abin da yake aunawa ba shi ne abin da muke tambaya ba. Na gina harsunan ne ta yadda waya ba ta sauke ko ɗaya sai wanda mai ita ya zaɓa. Bahaushe Hausa kaɗai zai sauke, ɗan Nepal nasa kaɗai. Ma'aunin kuwa ya tattara su duka ya ɗora a sikeli ɗaya, kamar wanda ya auna kayan shago gaba ɗaya ya ce wannan ne abin da mai sayen sabulu zai ɗauka a ka. Na biyu, yana auna su ne kafin a matse. Mu mutanen Funtuwa mun san girman buhun auduga kafin a danne ta da bayan an danne ta, rubutu kuwa ya fi auduga matsuwa. Na gama ina jin na yi bayani mai kyau. Mudir ya dubi Ramatu. Ita kuma ta yi mini magana da Hausa don kada sauran su ji.

“Baba, ban ce ba ka da gaskiya ba. Amma duk injiniyan da na taɓa aiki da shi, in ma'auni ya yi ja a kan aikinsa, sai ya ce ma'aunin ne bai gane ba. Wani lokaci haka ne, wani lokaci ba haka ba ne. Ni ta yaya zan bambance? Kai ka gina abin nan, kai da Umma, kana son shi. Nuna mini a wayar mutum.”

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye muku ba. Amma kafin in kai gida na san abin da ta nema shi ne daidai, kuma da ni ne a kujerarta haka zan nema.

Juma'ar da ta biyo muka tafi Al Asmakh ni da ita. Ba za ta shiga ɗakin maza ba, don haka Alhaji Sale ya sa aka haɗa mana tebura a wani ƙaramin gidan abinci da ke kan layinsu, ya kirawo mutanen ɗakinsu da na maƙwabta. Suka zo da wayoyinsu, wata gilashinta ya tsage kamar gizo-gizo ya yi saƙa, wata an ɗaure bayanta da roba. Ramatu ta buɗe kwamfutarta, muka riƙa jona wayoyin ɗaya bayan ɗaya muna kallon ainihin abin da kowace ke saukewa. Aka fara da ta Alhaji Sale. Ya danna “Hausa”, sai ga shi a allon Ramatu: ɗan ƙaramin abu guda ya sauka, bai kai nauyin hoton fuska ɗaya ba, sauran harsunan ko motsi ba su yi ba. Aka gwada ta wani ɗan Sakkwato, haka. Aka samo wani ɗan Nepal da ke wanke kwanuka a wurin, shi ma haka. Ramatu ta gyaɗa kai ta ce, “Baba, ka yi gaskiya, gargaɗin nan ya ɓatar da mu.” Ina shirin in gyara zama in ji daɗi, sai Alhaji Sale ya ɗago wayarsa ya nuna mini.

“Injiniya, ni ban san me kuke murna a kai ba. Kun ce ba nauyi. To me ya sa kafin abin nan ya buɗe har shayina ya huce?”

Gaskiya ya faɗa. Mun shagala da kallon harsuna, ba mu lura da cewa kowace waya sai ta daɗe tana juya da'ira kafin a ma kai ga zaɓen yare ba. Shafin yana da nauyi. Ba dai a inda ma'auni ya nuna da yatsa ba ne. Muka biya wa mutane shayi muka fito, muka taka har tashar jirgin ƙasa na metro kowa na tunaninsa.

Ranar Lahadi da aka koma ofis muka zauna kujera kusa da kujera muka bi rahoton ma'aunin daga sama har ƙasa, abin da ba wanda ya taɓa yi, domin kowa a kan jan yake tsayawa. Can ƙasa, da ƙananan haruffa ruwan ɗorawa, akwai wani layi da ke cewa kalanda ta shigo sau biyu. Kalandar da mutum ke zaɓen rana da ita aro muka yi, haka ma abin da ke aika saƙon tunatarwa. Kowannensu ya zo da nasa kayan lissafin kwanan wata, kowanne ɗauke da lokutan garuruwan duniya kaf, kuma dukansu suna cikin ƙunshin farko da kowace waya dole ta sauke. Mai gadi a Doha yana son ganin likita ranar Talata, wayarsa tana ta fama da sauke lokacin garuruwan da ba zai taɓa zuwa ba, har sau biyu. Ma'aunin ya faɗi kuskure da ihu, ya faɗi gaskiya da raɗa.

Muka kai wa Mudir. Ya saurara, ya gane, amma ranar miƙa aiki ba ta hannunsa. Asibitin ya riga ya sanar da ma'aikata, zafi na ƙaruwa, lokacin da mutane suka fi faɗuwa a wurin aiki ke nan. Kuma wanda zai karɓi aikin a ɓangaren asibitin shi ma zai ɗora shi a ma'auni, in ya ga ja ba zai karɓa ba. Hanya biyu ce a gabanmu. In an cire harsuna, allo zai yi kore a ranar, kowa ya sa hannu, ko da yake shafin zai ci gaba da jan ƙafa a tsofaffin wayoyi. Ko kuwa a warware kalandun nan biyu, a sake gwada kowane shafi a kowane yare, a gyara wa ma'aunin abin da zai riƙa aunawa. Wannan aikin makonni ne, kuma rabinsa ba wanda ya san hanyarsa sai ni. Makonnin nan su ne daidai hutuna.

Ummanku ta riga ta tafi Kaduna tun cikin Mamana ya tsufa. Haihuwar fari ce, jikanmu na farko. Na sayi shadda an ɗinka mini, na sayi turare da dabino, akwatina a buɗe yake a tsakar ɗaki ina ta cusa kaya. Aikin kuma ba ya yiwuwa daga nesa, don bayanan marasa lafiya ne, ba a yarda a taɓa su daga wajen ƙasar ba.

Ga abin da nake so Mustafa ya ji da kyau. Ramatu ce ta same ni a wurin shan shayi ta ce in tafi.

“Baba, je ka ga jikanka. Zan cire harsunan yanzu, in ka dawo mu mayar. Ni zan yi wa Mudir magana.”

Na ce, “Shugaba, da zarar mun miƙa aikin nan ya bar hannunmu, ya zama na asibiti. Wa zai sake kiranmu don Hausa? Na tsufa a sana'ar nan. Duk abin da aka ce a cire za a mayar daga baya, ban taɓa ganin wanda ya dawo ba.”

“To in kai ba ka je ba, ranar suna za ta dawo?”

Na ajiye kofin shayin na koma teburina. Har yau tambayar nan tana bina.

Aka haihu lafiya, namiji. Ummanku ta kira ni da hantsi, ina jin guɗa a bayanta. Bayan mun gama hamdala ta rage murya ta ce mijin Mamana ya ce sunana za a sa wa yaron. Sai na faɗa mata abin da na yanke. Na yi mata bayanin ma'auni da kalanda da duk abin da na rubuta muku a sama, ta bar ni na kai ƙarshe.

“Malam, na ji. Na san mutanen da kake yi dominsu, ni na zauna na gyara maka kalmomin. Ba zan ce ka yi laifi ba, ba kuma zan ce ka kyauta ba. Amma ni ba zan faɗa mata ba. Kai za ka faɗa mata da bakinka.”

Ta kai mata wayar. Muryar Mamana a gajiye take. Na yi mata barka, na yi wa yaro addu'a, sannan na faɗa. Ina jin ɗan kukan jaririn kusa da ita.

“Ba komai, Baba. Allah ya taimaka.”

Na haifi yarinyar nan, na san yadda take faɗin ba komai idan da gaske ba komai. Wannan ba irinsa ba ne.

Ranar suna ina ofis. Mustafa ya kira ni ta bidiyo ya ɗaga wayar sama don in ga taro. Na ga ƙannena, na ga surukaina, na ga tabarmar da aka shimfiɗa a gaba inda ya kamata in zauna. Na fita na tsaya a matakalar bene, na ji liman ya yi huɗuba ya ambaci sunana, mutane suka shafa. Ni ma na shafa ni kaɗai, jingine da bango. Da na koma ciki na tarar Ramatu ta sayo dabino da alewa ta zuba a faranti tana bi tebur tebur, tana gaya wa Indiyawa da Misirawan ofis cewa yau Baba ya yi takwara, kowa ya zo ya yi masa barka. Suka taso suna ba ni hannu. Mudir ma ya fito ya rungume ni ya ce mabruk. Wannan ita ce yarinyar da kuke cewa ta hana ni tafiya.

Aikin ya tafi yadda muka tsara, ko da yake ya ba mu wuya fiye da zatonmu. Muka cire kalanda ɗaya, ɗayar muka rage mata kaya ta koma lokacin Doha kaɗai. Muka gyara ma'aunin ya riƙa auna abin da waya ke saukewa da farko, kuma bayan an matse shi, ba kayan shago duka ba. Ba mu ɗaga iyaka ko kaɗan ba. Gargaɗin nan mai cewa abu ya shigo sau biyu, wanda yake ruwan ɗorawa a ƙasa, muka mai da shi ja muka hau da shi sama. Ramatu ta ƙara doka ɗaya da na ɗauka na tafi da ita duk inda na yi aiki bayan nan: duk gargaɗin da za a kashe, sai an gwada a wayar gaske tukuna, kuma sai an rubuta dalili a gefensa da maganar da baƙo zai gane. Ranar da allon ya yi kore ban yarda da shi ba sai da na kai wa Alhaji Sale. Ya danna, shafin ya buɗe, ya dube ni ta saman tabarau.

“Yanzu ka yi aiki,” in ji shi.

Ba zan ce muku shafin nan ya ceci ran wani ba, ban sani ba, kuma ba na son in ƙara gishiri don in wanke kaina. Dattijon nan ɗan Gusau ma bai taɓa amfani da shi ba, kwangilarsa ta ƙare ya koma gida kafin mu gama. Abin da na sani shi ne abin da Alhaji Sale ya gaya mini daga baya, cewa a ɗakinsu an daina miƙa wa wani waya idan maganar asibiti ce. Mutum yakan juya wa jama'a baya, ya yi ta danne-dannensa a hankali, ya mayar aljihu, ba wanda ya san me ke damunsa sai shi da likita. Wannan ya ishe ni. Idan na auna shekarun da na yi ina aikin nan, ba ni da wani abu da na gina da nake tunawa da sanyin zuciya kamarsa. Kuma duk da haka, tabarmar nan da na gani ta waya ba ta bar idona ba. Abu biyun suna zaune tare a raina, ba wanda ya kori wani, kuma na daina ƙoƙarin sa su faɗa.

Na isa Kaduna ana dab da yin arba'in. Na sa shaddar da na ɗinka don suna, fara sol, na fesa turare. Mamana ta fito ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tambayi hanya, ta tambayi aiki, komai daidai, amma ba ta ɗago ido ta dube ni ba. Aka kawo ruwa, aka kawo abinci, falon ya yi shiru irin wanda ba a saba ba a gidanmu. Na shirya maganganu tun daga cikin jirgi, ko ɗaya ba ta fito ba. Can Ummanku ta shiga ɗaki ta fito da yaron, an yi masa wanka yanzun nan, daga shi sai ɗan zane, ta ɗora mini shi a cinya. Na tallabe kansa na fara yi masa addu'a. Ya buɗe ido ya ƙura mini, ya yamutsa fuska kamar mai nazarin wani abu. Sai na ji ɗumi yana bin cinyata, yana gangarawa har gwiwa. Na ɗaga shi sama, shaddar nan ta jiƙe sharkaf.

Ummanku ta tafa hannu.

“Madalla, Malam ƙarami! Ka rama wa uwarka.”

Mamana ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Ta yi ƙoƙari ta riƙe, abin ya fi ƙarfinta, dariyar ta ƙwace har da hawaye. Ta taso ta miƙo hannu za ta karɓe shi.

Na ce, “Bar mini shi. Ai bai gama ba.”

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta jingina da kujerar, ta fara ba ni labarin ranar da ta haihu tun daga farko.